Baba Samfur, Majinyacin Ranar Baƙi

Allah ya yi wa Baba Samfur baiwa guda ɗaya, ita ce fuskar marar lafiya. Tun yana saurayi kumatunsa a lotse suke, idanu sun faɗa ciki, wuya kamar na tsohon zakara, leɓe kullum a bushe. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce masa sannu. Alhali mutumin nan ko mura ba ta cika kama shi ba. Yana cin abinci kamar lebura, yana barci kamar jariri. Matarsa ta sha gaya wa maƙwabta cewa don tausayi ta aure shi, da ta san haka zai daɗe da ta sake tunani.

Shumeka ne. Bencinsa da akwatin kayan aikinsa suna ƙarƙashin wata bishiya a ƙofar ƙaramin asibitin unguwa. A nan yake ɗinke silifa da takalman 'yan makaranta, yana kallon mutane suna shiga da ciwo, suna fitowa da ciwonsu, an ƙara musu da sunan maganin da za su je su saya a kanti. Asibitin ba shi da yawa. Akwai ofishin shugaba, wanda kowa ke kira Incaj, da ɗakin allura inda Sista ke zama tana danna waya, da sito, sai ɗakin kwanciya mai gadajen ƙarfe wanda ake share shi idan za a yi baƙi.

Baƙi kuwa ba sa yankewa, domin kowace shekara ma'aikatar lafiya tana da cutar da ta sa a gaba. Sauran cututtuka sai su yi haƙuri su jira layi ya zo kansu. Idan aka zaɓi cutar shekara, sai a sake fentin bangon gaba, a rataya ƙyalle mai rubutu, manya su zo da motoci su gani da idonsu.

Incaj ya taɓa yin kuskure sau ɗaya, ya bar majinyata na gaske a kan gado ranar baƙi. Aka tambayi wata tsohuwa yaya jiki, ita kuwa ta ɗauka tambayarta ake yi. Ta ce babu ruwa a famfo, babu magani, kyandir ma daga gida ta zo da shi. Tun daga ranar aka kafa doka: ranar baƙi ba a ciwo. Duk wanda ya zo sai a ce masa ya dawo gobe. To amma ɗakin kwanciya babu kowa shi ma abin kunya ne, sai a ce ba a aiki.

Shekarar zazzaɓin cizon sauro, ana jin ƙarar motocin baƙi daga nesa, Incaj ya fito ƙofa yana sharce gumi, idonsa ya faɗa kan shumeka.

“Baba, me kake yi?”

“Ga shi kuwa kana gani, takalmi.”

“Ajiye shi. Zo ka kwanta.”

Aka kwantar da shi a kan sabon zanin gado, aka ɗaura masa gidan sauro, Sista ta manna masa robar ƙarin ruwa a hannu da filasta, ba allura. Aka koya masa abin da zai faɗa: “Alhamdu lillahi, ranku ya daɗe, ana kula da mu, na ji sauƙi sosai.” Ya faɗa da 'yar siririyar murya, ya lumshe ido. Wata daga cikin baƙin har da share hawaye. Da suka tafi aka naɗe zanin gadon aka mayar sito, aka ba shi gidan sauron ya tafi da shi gida. Daga ranar, in baƙi za su zo sai Incaj ya ce, “A kira mini samfur ɗin nan.” Sunan ya bi shi har yau.

Babu cutar da gwamnati ta sa a gaba wadda Baba Samfur bai yi ba. Ya yi tarin fuka, bayan ya zauna kusa da wani maƙwabcinsa mai shi ya koyi yadda tarin ke fitowa daga ƙirji. Ya yi amai da gudawa, aka shafa masa hoda a leɓe. Ya yi ciwon sukari. Ya yi ciwon ido, aka rufe masa ido ɗaya da auduga, tsakiyar ziyara audugar ta faɗi, ya ce wa baƙi ai ga shi har ya fara gani, aka tafa. Shekarar mata masu ciki kaɗai ya huta, shi ma sai da ya yi ƙorafi a ƙarƙashin bishiya cewa an nuna wa maza bambanci.

Ba a biyansa da komai sai kayan cutar shekara. Duk mai son sanin tarihin manufofin lafiya na ƙasa, ya shiga gidan Baba Samfur. Labulen ƙofa gidan sauro ne, shingen kaji gidan sauro ne. Bokitai masu famfo na shekarar wanke hannu suna jere a tsakar gida, ɗaya an zuba gawayi, ɗaya shinkafa. Matarsa ba ta sayen rigar zaman gida, rigunan nan masu rubutu da ake ba shi sun ishe ta. Yau ka gan ta ƙirjinta yana cewa a kawar da tarin fuka, gobe bayanta yana cewa a yi gwajin jini, ita kuwa ko harafi ɗaya ba ta karantawa.

“Baban yara,” takan ce, “ka ce musu baɗi su zaɓi cutar da ake ba da tukunya. Tukunyata ta huje.”

“Ke ba ki san darajar aiki ba. Ni da gwamnati muke aiki.”

“Kwanciya kake yi, malam. A gida ma abin da kake yi ke nan, ban ga an tafa maka ba.”

Shi dai ya ɗauki abin sana'a. Yana da tsohuwar rigar da yake sawa ranar baƙi, ba ta yi datti ba kuma ba ta yi tsaf ba. Ya san baƙon da za a yi wa nishi, da wanda za a yi wa murmushin haƙuri. Ya kuma lura da wani abu: cikin dukan masu zuwa, mai hoto ne babba. Inda ya ce a tsaya nan ake tsayawa, ko da shugabar tawagar ce.

Bana sai aka ce ba cuta ɗaya aka sa a gaba ba, haɗin gwiwa aka sa. Incaj ya tara ma'aikata a baranda, har da Baba Samfur a gefe, ya yi musu bayani. Daga yanzu ƙaramin asibiti da babban asibiti za su zama tsintsiya ɗaya. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙarami, za a tura shi babba a motar asibiti. Babbar Baƙuwa daga ma'aikata za ta zo ta ƙaddamar da shirin, a nuna mata yadda ake yi. Baba Samfur zai yi hawan jini mai tsanani, a ɗauke shi a gaban baƙi, a sa shi a mota, a kunna jiniya.

Motar kuwa ta daɗe a bayan sito, tayoyinta sun sace, kyanwa ta haihu a kujerar gaba. Aka kore kyanwar, aka wanke motar, aka samo direba. An yi gwaji sau da yawa: motar za ta fita da jiniya, ta sha kwana, ta tsaya a bayan gidan mai inda ba a hango ta, su jira baƙi su tafi, sannan Baba ya sauko ya tako da ƙafarsa.

Abin da Baba Samfur bai gaya wa kowa ba shi ne, ya yi watanni fitsari yana yi masa gardama. Sai ya daɗe a bayi yana jira, abu ya zo ɗis-ɗis kamar famfon asibitin. Mutumin da ya yi cututtuka iri-iri a gaban manya, kunyar wannan ɗaya yake ji. Ana gobe baƙi za su zo, abin ya ɗauke gaba ɗaya. Kafin la'asar mararsa ta kumbura ta yi tauri, ba ya iya zama, ba ya iya tsayuwa.

Matarsa ta gan shi ya dafa bango yana gumi. Ta ce, “Gwaji kake yi ko kuwa?”

“Wallahi ba gwaji ba ne.”

Ta dube shi da kyau. Shekarun da suka yi tare ba ta taɓa jin wannan muryar ba. Ta ɗauki mayafi, ta tare tasi, suka nufi babban asibiti.

A can wani ma'aikaci a bayan taga ya yi musu bayani cikin ladabi. Sabon tsari ne, haɗin gwiwa. Yanzu ba a karɓar kowa kai tsaye sai wanda ƙaramin asibitin unguwarsu ya turo. Su koma a turo su.

Suka koma. Suka iske Incaj a kan tsani yana gyara ƙyallen maraba.

“Ɗana,” in ji Baba Samfur, “fitsari ya tsaya mini. Ka tura ni babban asibiti.”

“Ba a ƙaddamar da shirin ba ai, Baba. Sai gobe in an yanke ƙyalle za mu fara tura mutane.” Ya leƙo daga kan tsanin, ya ga gumin, ya yi dariya. “Kai, tsohon nan! Kullum ƙara gwaninta kake. Amma ka ajiye wannan sai gobe, kada ka ƙarar da shi yau.”

“Kai ɗan nan,” in ji matar, “mijina ba shi da lafiya.”

“Inna, ai shi ya sa muke ji da shi.”

Ta tambayi Sista ko akwai robar da ake sa wa mutum fitsari ya fita. Sista ta buɗe mata sito don ta gani da idonta. Kwalayen gidan sauro har rufi, sabulu, huluna, riguna. Robar fitsari ba ta taɓa zama cutar shekara ba.

Da safe matar ta taimaka masa ya sa rigar aiki. Tana ɗaura masa maɓalli tana magana, ba tausayi a muryarta.

“Ka ji ni da kyau. Motar nan bayan gidan mai take tsayawa, ni da kai mun sani. In ka bari suka ajiye ka a can, ni ba ni da ƙarfin turo gawa a baro. Ka yi shekara da shekaru kana buɗe baki don Incaj. Yau ka buɗe don kanka.”

Aka kwantar da shi a kan zanin gadon baƙi. Masu ciwo na gaske an riga an sallame su tun da sassafe. Baba Samfur yana murƙususu, hannayensa biyu a kan mara.

“Baba, kanka za ka riƙe,” in ji Sista. “Hawan jini ne fa. Wa ya ce maka a ciki yake?”

Ta ɗauke masa hannu ta ɗora a goshi. Tana juyawa hannun ya koma inda yake.

Baƙi suka makara kamar kullum. Aka yi jawabi a baranda, wani ya yi bayanin haɗin gwiwa, wani ya tashi ya maimaita, aka yanke ƙyalle. Baba Samfur yana jin tafi daga ɗaki, yana cizon bakin zanin gado. Can suka shigo, ƙamshin turare ya riga su. Babbar Baƙuwa a gaba, mace mai jiki da tabarau, Incaj a gefenta yana tafiya a karkace, mai hoto yana ja da baya a gabansu.

“Sannu, Baba. Yaya jiki?”

Incaj ya gyaɗa masa kai. Kalmomin suna nan a bakinsa, ya faɗe su sau ba adadi. Ya dubi ƙofa, ya ga matarsa a tsaye da rigar shekarar tarin fuka a ƙarƙashin mayafi, ta zuba masa ido. Ya san in ya ce fitsari, za a yi dariya a ce tsoho ya ruɗe. Sai ya dubi mai hoto, ya jira har ya ɗaga kyamara, sannan ya kama hannun Babbar Baƙuwa da hannu biyu, ya riƙe gam.

“Ranki ya daɗe, uwata, roƙo ɗaya nake yi. Ni ne na farko a shirin nan naki. Ki raka ni har babban asibiti, ki miƙa ni ga likita da hannunki.”

Incaj ya yi wata 'yar dariya, ya ce ciwon ne ya taɓa masa kai, kada ta damu. Babbar Baƙuwa ta yi ƙoƙarin zare hannunta, amma hannun da ya shekara yana jan zare a tafin takalmi ba ya sakin abu da sauƙi.

Sai mai hoto ya sauke kyamara ya ce, “Ranki ya daɗe, wannan fa zai yi kyau. A ɗauke ki nan, a ɗauke ki a ƙofar babban asibiti. Shi ne haɗin gwiwar gaba ɗaya.”

Magana ta ƙare. Mai hoto, babban tawaga, ya yi umarni.

Aka sa Baba Samfur a mota, matarsa ta haye ba tare da an gayyace ta ba. Direba ya kunna jiniya, ya fita, ya kai kwanar gidan mai, hannunsa ya fara juya sitiyari kamar yadda ya saba, sai ya dubi madubi ya ga jerin motocin baƙi a bayansa.

“Inna, me ke faruwa? Ina za mu?”

“Asibiti. Ba motar asibiti ba ce?”

“Man da aka zuba mini na zuwa kwana ne!”

“To ka tafi har inda ya kai ka.”

Man ya kai su gaban wata makarantar firamare, motar ta yi tari ta mutu, jiniya tana ta kuka ita kaɗai. Motocin baƙi suka tsaya a baya, masu wucewa suka taru. Incaj ya fito yana cewa abin mamaki, jiya-jiya aka duba ta. Babbar Baƙuwa ta dubi taron, ta dubi mai hoto, ta ce a sa majinyacin a motarta. Haka Baba Samfur ya shiga mota mai sanyi karo na farko a rayuwarsa, yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa, bai ko san da sanyin ba.

A babban asibiti, ma'aikacin tagar nan na jiya ya hango motocin, ya fito da gudu da keken majinyata da kansa. Ba wanda ya tambayi wa ya turo su. Aka tsaya a ƙofa aka ɗauki hoto, aka sake ɗauka saboda Incaj ya rufe ido. Sannan aka shiga da shi. Wani matashin likita ya taɓa marar, ya ɗaga kai ya tambayi wa ya ce hawan jini ne. Babu wanda ya amsa, domin masu amsar sun koma wajen motoci.

Aka sa masa roba. Abin da ya fito ya cika jaka, aka juye, ya sake cikawa. Baba Samfur ya yi ajiyar zuciya, hawaye na bin lotsattsun kumatunsa.

“Yaya, Baba?” in ji likitan.

“Alhamdu lillahi, na ji sauƙi sosai.”

Matarsa ta ce, “Yau dai ka faɗe ta a inda ta dace.”

Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu. Aka kwantar da shi kwanaki, a kan zanin gadon da matarsa ta kawo daga gida, aka sallame shi da robar a jikinsa, aka ce ya jira ranar da za a yi masa tiyata. Har yanzu yana jira, amma yana fitsari, kuma ya ce wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar da ya koma ƙarƙashin bishiya, jakar na ɓoye a cikin riga, sai ya ga sabon ƙyalle a bangon asibitin. Ga shi nan ƙato, bakinsa a buɗe, ya riƙe hannun Babbar Baƙuwa. Wani ɗan kasuwa da ya kawo gyaran takalmi ya karanta masa rubutun: haɗin gwiwa ya ceto rai. An ce har lambar yabo aka ba asibitin. Motar kuwa an jawo ta an mayar bayan sito, kyanwar ta koma.

Incaj ya fito ya tsaya a kansa.

“Baba, ka ci amanata. Shekara da shekaru muna tare, ashe kana da ciwo ka ɓoye mini.”

“Na gaya maka ai, kana kan tsani.”

“Ka gaya mini kamar yadda kake gaya wa baƙi, ta ina zan gane? Ni dai ba zan ƙara sa marar lafiya a gadon nan ba. Mun gode da hidima.”

Baba Samfur ya ci gaba da zura zare. Abin ya yi masa zafi, ba ƙarya. Matarsa ce ta ce a bar su da kayansu, bokitan gidan sun ishe ta har ta mutu.

Da baƙi na gaba suka kusa zuwa, Incaj ya samo wani mai wankin mota, siriri, mai jajayen idanu. Amma wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya sa Sista ta auna masa jini, ta auna sukari, ta saurari ƙirjinsa, aka tura fitsarinsa gwaji har babban asibiti, aka tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo, aka jira ya gama amsawa. Sai da aka tabbatar lafiyarsa ƙalau sannan aka ba shi gadon.

Masu zama ƙarƙashin bishiya sun ce tun da aka gina asibitin, ba su taɓa ganin an duba mutum da kyau haka ba.